Yinina a Bangon Aji

Inna,

Gaisuwa daga Maamobi. Yaya ƙafar Baba, yaya su Hakim? Ni lafiya lau, Gwaggo Nafi tana riƙona da kyau.

Malamarmu ta ce kowa ya zana yadda yininsa ke tafiya. Na zana da'ira na raba ta da launi: ja na tallan da nake wa Gwaggo, kore na karatu. Inna, nawa aka zaɓa aka manna a bango!

Ranar taron iyaye Gwaggo ta daɗe a gabansa. Ta ce, "Wannan ɗan siririn koren shi ne karatun?" Na sunkuyar da kai. Washegari da na ɗauki farantin talla ta ce, "Ajiye, ɗauko littafinki."

Jarrabawa ta matso, ki sa mini albarka.

'Yarki,
Mulikatu