Na haɗa tukunyar gas ɗin kifi

Maigida,

Sannu da hanya. Na bi motar Gagarawa, yau aikin kwana gare ni a asibiti, sai gobe in Allah ya kai mu.

Ka yi haƙuri, na haɗa tukunyar gas ɗin akwatin gilashin kifinmu, iskar nan da ciyayin ciki ke sha, ban jira ka ba. Ka ce tare za mu yi in ka dawo daga Maigatari, amma ciyayin ruwan sun fara mutuwa. Jiya na ɗaure kan tukunyar da sifana, na zura tiyon cikin ruwa, na shafa ruwan sabulu a mahaɗar ban ga inda iska ke fita ba.

Don Allah ka rufe ta da magariba. Cikin duhu ciyayin ba sa shan iskar, kifayen ne za su shaƙe. In ka ga sun taso sama suna buɗe baki, ka rufe nan take.

Miya tana cikin firji.

Jiya da kumfar farko ta tashi cikin ruwan akwatin, na juya zan ce ka duba. Haka na zauna ina kallonta ni kaɗai har aka kira la'asar.

Naja'atu