A Ina Ake Duba Agogon?

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aiki? Umma na gaishe ki.

Albishirinki! Kwamitin majalisa mai duba rahoton shekara na hukumomi ya gayyaci makarantarmu ta zo da tambaya, kuma tambayata Malama ta zaɓa. Ni zan karanta da bakina. Tun jiya nake gwaji a gaban madubi.

Sai dai rahoton hukumarku ne, ta motocin 'yan makaranta. An rubuta wai motoci suna kiyaye lokaci, alhali kullum sai an rufe ƙofa muke isowa, a sa mu sharar fili. An ce in na ƙara makara za a ƙwace min shugabancin aji. Tambayar ita ce: a ina ake duba agogon?

In zai jawo miki matsala, sai in ce muryata ta dishe. Na ba direba wasiƙar ya kawo miki.

Ƙanwarki,
Auta

Auta,

Ina amsawa. Ke da ko kuɗin mota ba kya iya tambayar Baba, yau majalisa za ki? To, ni na rubuta shafin nan. A bakin gareji muke duba agogo, lokacin fita. Haka na tarar ana yi. Shugabana zai zauna gaban kwamiti, ni ina bayansa da takardu. Kar ki kuskura muryar ta dishe. Ki goge takalminki.

Yayarki

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, har yanzu ban dawo daidai ba. Kin ga yadda na tsaya can nesa da makirufo? Da shugabar kwamiti ta ce, "Matso da bakinki, 'yata, ba ya cizo," duk aka yi dariya. Da na karanta tambayar, shugabanku ya juyo yana kallonki, sai kika miƙe kika ce "A gareji." Malama ta ce an ba ku wata guda ku gyara.

Amma shugaban naku ya yi miki faɗa? Don Allah kar ki ɓoye min.

Taki,
Auta

Auta,

Ya yi, har ya gaji. Daga nan ya ɗora min aikin duba agogo a ƙofar makarantu. Wannan wasiƙar motar safe za ta biyo. Rubuta min ƙarfe nawa ta iso hannunki.

Yayarki