Mijin Aminiyata Zai Binciki Aikin Mijina

Anti Zulaiha, don Allah ki taimaka min. Abin da ke cina ko mahaifiyata na kasa gaya wa.

Maigidana injiniya ne a sojan ruwa. An turo shi birnin Guangzhou na ƙasar Sin ya sa ido kan kwangilar jirgin yaƙi mai nutsewa a teku, muka taho tare, wai shekara guda za mu yi. Yarinyar da na zo da ita a goye yanzu tana makaranta, jirgi kuwa ko ƙarfen farko ba a yanka ba. Takarda ta bar wannan ofis ta maƙale a wancan, kwamiti ya zauna ya tashi, a canza shugaba a koma farko. Kullum sai ya goge kaya ya fita, ya dawo babu wani labari. Ni kuma ina raka fataken Maraɗi kasuwar Shahe zaɓen kaya, don kada zaman ɗaki a unguwarmu ta Dengfeng ya haukata ni.

To, ga aminiyata Saffana. Tare aka ɗauki mazajenmu aiki, nata ya zauna a gida. Yanzu an kafa sabuwar hukumar sa ido kan kwangilolin tsaro, an ƙara masa girma, shi zai binciki abin da ya tsayar da aikin jirgin. Wai mijina ne zai riƙa ce masa ranka ya daɗe! Da ta turo min hoton bikin, ji na yi kamar an watsa min ruwan zafi. Ta kira, na ƙi ɗauka. Ina ta zuga maigida kada ya ba shi rahoto, ya bar shi ya sha kunya. Jiya ya daɗe yana kallona, ya fita ko abinci bai taɓa ba.

Taki,
Maman Mas'uda

*

Maman Mas'uda, sannu. Ciwon nan sunansa hassada, amma ba zan ce babu dalili ba. Kun bar gida da dangi, kun sha zaman jira, wani ya wuce ku. Da ciwo.

Sai dai ba mijin Saffana ne ya danne takardun ba. Binciken nan shi ne damar mijinki ta nuna inda aiki ya tsaya. In ya ɓoye rahoto, shi za a ɗora wa laifin jinkirin, kuma soja ne, kin san abin da zai biyo baya.

Ki ba shi haƙuri, ki cire bakinki daga aikinsa. Ki kira Saffana yau ki yi mata barka, ko da zuciya ba ta gama yarda ba, kuma kada ki roƙe ta alfarma. Sannan ku zauna ke da maigida ku sa wa zaman nan wa'adi. In wa'adin ya cika babu labari, ya nemi a mayar da shi gida.

Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya dawo da ku lafiya.