Kiran Da Walida Ta Ƙi Amsawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga maigidana, Abban Walida. Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar jiki, ina fatan wannan saƙo zai same ka cikin sauƙi, ko da sauƙin bai kai yadda muke roƙo ba. Mu dai muna nan Sri Petaling, ni da 'yarka, a kulle kamar kowa saboda annobar nan.

Na san ba ka son a baza maganar gida a waje, ka yi haƙuri. Wayarka tana hannun ma'aikatan asibiti, likita ya ce sun sa ka barci don na'ura ta riƙa yi maka numfashi, ni kuma maganar da ke cikina ta fi ƙarfin in riƙe ta har ka farka. Shi ya sa na sa ta a shafina, 'yan uwa na Kano da ke ta tambaya su ma su gani. In ka tashi ka yi faɗanka, wallahi da murna zan saurara.

Maganar katun ɗinka ce, wannan fim ɗin zane na Japan mai ban tsoro, wanda har yau bakina bai iya sunansa ba.

Ka tuna lokacin da aka kawo ni ƙasar nan? Ko gajiyar jirgi ban sauke ba ka zaunar da ni, ka fito da tsofaffin faya-fayan da ka saya a Bukit Bintang tun kana digiri na biyu. Wasu angwaye turare suke nuna wa amarya, kai fatalwa ka nuna min. Tsohon gidan katako ne a wani ƙauye, ƙofofinsa na takarda. Mutum yana zaune sai ya ji an kira sunansa daga bayan ƙofa, da muryar wanda ya fi so a duniya. In ya amsa, ƙofar ta zuge, shi ke nan ba a sake ganinsa. Ba su taɓa nuna mai kiran ba. Ka ce min nan gwanintar take. Ka kuma ce, "Japanawan nan wajen kakata suka sato labarin," don ita ma takan hana ku amsa kiran da ba ku ga mai yin sa ba.

Da suka mayar da shi fim na mutane, ka ja ni sinima da cikin Walida. Tun daga Bukit Bintang har muka sauka daga jirgin ƙasa kana mita, wai sun nuna fuskar fatalwar, an bulbula mata gari kamar za a soya ta. Ranar ka yi rantsuwa ka gama da duk wani sabon da za su yi.

Ka kuwa cika rantsuwarka. Da suka sake zana shi sabo aka sa a intanet cikin wannan kullen, ko leƙawa ba ka yi ba. Walida ce ta same shi a kwamfutar hannun da take karatun makaranta da ita. Na ce yarinyar da ba ta kai goma ba ina ita ina wannan, ka ce in ƙyale ta, jininka ce, ba ta da tsoro. Ni ma ban kalla ba. Na ɗauka labarin da na sani ne aka sake wa fenti.

Sai tarin nan ya zo, sai zazzaɓi, sai ranar da ka kasa ƙarasa Fatiha a tsaye. Masu fararen kaya suka hau da gadon ɗaukar mara lafiya, ba a ganin komai nasu sai idanu. Walida tana riƙe da ƙarfen ƙofa. Ka ɗaga mata hannu ka ce, "Mamana, yanzu zan dawo." Tun da aka sa mata sunan Hajiyarka ba ka taɓa kiranta da wani suna ba.

Kullum bayan la'asar kakan kira. Ka ƙi yarda a kunna hoto, ka ce ba ka so ta gan ka da robar iska a fuska. Don haka murya kawai muke ji, ita ma ba taka ta da ba, wata murya ce mai fitowa kamar daga cikin tulu. Mu gaisa, in ce maka mamak, gidan abincin da ke ƙasan benenmu, ya koma tapau kawai, sai dai a ƙunsa maka ka tafi da shi, ka tambayi ko an turo saƙo daga jami'a. Daga nan sai ka ce, "Mamana? Mamana, kina ji na?"

Ita kuma ta yi shiru.

Ranar farko na ce kunya ce. Rana ta biyu na ga ta sa hannu biyu ta toshe bakinta, idanunta a kan wayar. Bayan nan da ta ji ƙarar kira sai ta shige banɗaki ta murɗa makulli. Nan na tuna da katun ɗin, raina ya ɓaci. Na ƙwace kwamfutar na ɗora a saman kwaba. Na ce mata wannan ubanki ne, ba aljani ba ne, ba wata ƙofa da za ta zuge ta haɗiye ki.

Kai kuwa sai kare ta kake yi. "Ƙyale ta, fushi take na ce zan dawo ban dawo ba." Kana faɗa kana dariya, amma na san dariyarka, wannan ba ita ba ce. Kuma ina lura, kullum hutun da kake yi tsakanin kalma da kalma ƙaruwa yake. Jimlar da kake faɗa da numfashi ɗaya ta koma sai ka yanka ta gida-gida.

Ranar da za su sa maka na'ura, likita ya riga ya kira ni. Ya yi min bayani a hankali, ya ce za su bar ka ka yi magana da iyalinka tukuna. Na gane abin da yake nufi da abin da bai faɗa ba.

Abban Walida, na durƙusa wa 'yar da na haifa. Na riƙe wayar a bakinta, na ce kalma ɗaya kawai, na'am kawai. Kana ta kira. Ka kira, ka huta, ka sake kira. Ta cusa bayan hannunta a baki ta cije, hawaye na bin hannun har gwiwa. Na ji ka ce, "To, ba komai. Allah ya yi miki albarka." Sai muryar wata nas, sai layin ya yanke. Har yau shatin haƙoranta bai gama ɓacewa ba.

Yinin nan ban iya kallonta ba. Na zuba mata abinci na koma ɗaki.

Washegari na sauko da kwamfutar don in goge abin gaba ɗaya. Ina kunnawa ya buɗe a inda ta tsaya, kashi na ƙarshe. Ban san abin da ya sa na zauna na kalla ba.

Sun canza labarin. Gidan yana nan, ƙofofin suna nan, amma a wannan sabon masu kiran ba fatalwa ba ne. Marasa lafiya ne da ke kwance, ba su mutu ba, ba su tashi ba. Ba sa iya tafiya sai wanda suke so ya amsa musu. Na ga wata yarinya da wanta yake ta kira, ta daure ta daure, har tausayinsa ya kama ta ta amsa. Inuwarsa ta sunkuya a bayan takarda kamar mai godiya, ta ɓace. Aka nuno gadonsa a asibiti ana ja masa mayafi.

Na same ta a baranda tana kallon layin dogo. Na tambaye ta ko abin da ya sa ke nan. Ka san ta, in magana ta yi nauyi Hausarta guduwa take. Ta ce, "If I answer, Abba can go. Tak boleh, Mama, ba zai yiwu ba. Ni ba zan ba shi permission ba."

Ashe duk kwanakin nan ba kanta take tsoro wa ba. Ni ina ganin yarinya mai taurin kai, ita kuwa riƙe ka take yi da iya ƙarfinta, ita kaɗai, ina yi mata tsawa a kai.

Na zaunar da ita na yi mata bayanin da ya kamata. Na ce rai a hannun Allah yake, ba mai riƙe shi da shiru, ba mai sakinsa da magana, kuma wannan zane ne da wasu mutane suka zauna suka ƙirƙira. Ta ce ta sani, malamin Islamiyya ya koya musu. Sai ta ƙara da cewa, "Amma just in case." Gaskiya ma, sai da na kama kaina ina tuna sau nawa ni na ce maka na'am.

Ga abin da nake tsoro, kuma shi ya sa na rubuto. Ina tsoron a ce abu na ƙarshe da ka ji daga wajen 'yarka shiru ne, ka ɗauka fushi take da kai. Ina tsoron ita kuma ta girma da wannan shirun a wuyanta. Ba fushi ba ne, ka ji? Ko kaɗan ba fushi ba ne.

Akwai wata nas 'yar Malay, Allah ya saka mata, da takan kira mu in ta sami sarari, ta kanga maka wayar a kunne. Ta ce wasu suna ji ko suna cikin barcin. Da farko Walida ta ƙi matsowa, wai kada ya zama amsar kiran da ka bari ne. Ta yini tana juya abin a ranta. Can sai ta zo ta ce min ta samo dabara: ba za ta amsa ba, ita za ta kira.

Haka take yi yanzu. Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta gyara tsayuwa, ta ce, "Abba." Sai ta jira. Ba abin da ke dawowa sai hucin na'ura da ƙarar wani abu mai ƙiftawa. Ta sake cewa, "Abba, ni ce." Ta kuma jira, daidai yadda kai ka riƙa jira. Ni nakan juya baya in kama wanke kofin da na riga na wanke.

Yau likita ya ce iskar jininka ta sauka da safe, ta ɗan hau da rana. Ya ce kwanakin nan masu zuwa su ne za su nuna. Bai yi min alkawarin komai ba, ni ma ban nema ba.

Ya Allah, Kai ne mai warkarwa, babu waraka sai taka. Ka buɗe ƙirjin bawanka, Ka mayar masa da numfashinsa, Ka dawo mana da shi da ƙafafunsa. Ka duba duk wanda ke kwance a ɗakin nan tare da shi, da masu jinyarsu, da masu jiran waya a gida. Ka sanyaya zuciyar yarinyar nan. Wanda duk ya karanta, don Allah ya ce amin.

Gobe bayan la'asar za ta sake kira. Tun da ta fara magana ba ta taɓa cewa Abba ka bar ta a tsaye ba, ko kana tsakiyar rubutu, ko kana barci. Kada ka fara yanzu. Ka amsa mata.

Taka har kullum,
Maman Walida