Sarki a Cikin Baho

Yaya Wanpen,

Ina gaida ki da kyau daga Paris. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, ina ci ina ƙoshi, kada ki damu.

Har yanzu ina shagon Madam Odil, ina sa wa tsofaffin takardun talla firam, Turawa na saye suna ƙawata bango. Akwai wani tallan sabulu mai shekara ɗari: wani sarkinmu na da zaune cikin baho, tumbi a waje, kambi a karkace. Ranar da aka kawo shi na tarar da shi a ƙasa, kusa da ƙafafun mutane. Kin san mu, ba ma barin hoton sarki a ƙasa. Ban san lokacin da na ɗaga shi sama da kaina ba.

Madam ta fashe da dariya. "Tsaya haka, Somkiat! Kai da kakanka!" Ta ɗauki hoto, ta sa a intanet da sunana. Na roƙe ta ta cire, ta ce, "Haba, sabulu ne fa!" Kafin ta cire, mutanenmu sun yaɗa shi. Wani ya rubuto mini wai 'yan sanda na jirana a filin jirgin ƙasarmu, don na ci mutuncin sarki.

Don haka ba zan zo bikin ruwa na sabuwar shekara ba. Ki ce wa Inna aiki ne ya yi yawa. Ki aiko mini da busasshen barkono, ki kai sadakar shinkafa haikali da sunana.

Tallan bai sayu ba. Na rataye shi can sama da kan kowa, yadda Inna ta koya mana. Shi kaɗai ne ɗan gida da nake gani kullum, shi ma ba shi da hanyar komawa.

Ƙaninki,
Somkiat