Motar Soja Ta Daina Kuka

Yaya Lado,

Na wuce Maraɗi kafin ka dawo daga suna. Ba gudunka nake ba, sauri ne.

Tsohuwar motar sojanka da ka ce kada wanda ya taɓa, to na taɓa ta. Jiya da muka ɗauko gero daga Daddara na ji haƙoran giyar aksul na baya suna cin junansu, saura ƙiris ta yashe mu a hanya. Da safe na kwance difarenshal ɗin, wato akwatin da giyar take ciki, na ɗaura wanda Zunnuraini bakanike ya ciro daga irinta. Ya zauna daram.

Kada ka tayar da ita sai ka zuba man giya, galan yana bayan ƙofa.

Kukan nan nata da ake ji tun daga shingen kwastan ya ƙare. Na san har ka fara murna, wai matarka ba za ta ƙara jin tsayawarka wajen mai tsire ba, bayan likita ya hana ka. Ka yi haƙuri. Ita matar taka, Yaya Na'ima, ce ta ba ni makullin motar, kuma ta riga ta karɓi lambar wayar mai tsiren.

Ƙanenka,
Mujahid