Ƙararrawar Zauren Kawu

Jibiya, daren Laraba, watan Sha'aban, 1977

Ɗazu na yanke wayar ƙararrawar da hannuna, har yanzu raina bai huce ba.

Aikin ba shi da aibi. Kawu ya sayo ƙararrawar ɓarayi don sabon gidansa, ni kuma na haɗa kowace ƙofa da ita da fitilun tsakar gida, yadda in an buɗe da dare za ta yi kuka, haske ya kama. Sai da na tambaye shi ko har da zaure. Ya ce, "Duka, Injiniya."

Bai tuna ba, ni ma boko ya mantar da ni, cewa ba a kulle zaurensa. Duk matafiyin da aka rufe wa iyakar ƙasa nan yake kwana.

Jiya da dare Malam Isufu na Maraɗi, mai saukar Kawu tun yana fatauci da jaki, ya turo ƙofa da buzunsa. Ƙararrawa ta ɗauka, maƙwabta suka fito da sanduna suna ihun ɓarawo. Tsoho ya tsaya cikin haske. Da asuba ya koma, ko koko bai sha ba.

Kawu ya ce, "Abin naka bai san baƙo ba?"

Na ce, "Kawu, ƙofa kawai ya sani."

"To cire shi. Gara a yi mini sata."

Yanzu ya aiko wai gobe ni zan tafi Maraɗi ba da haƙuri. Na'ura ta yi daidai, shi ya ce duka, amma ni zan durƙusa.